YADDA AKE RUBUTA TAKARDA ZUWA OFIS HAR A BIYA BUƘATA



A da, in mutumin ƙauye yana da magana da ofis, sai ya tafi birni. Ya nemi mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ko a ƙofar kotu. Ya biya shi kuɗi, ya kuma faɗa masa sirrinsa. In mai rubutun ya yi kuskure, mai takarda ba zai sani ba. Nasa dai ya dangwala yatsa.

Irin wannan wahala ce Yaƙi da Jahilci ya zo ya kawar, tun da aka ƙaddamar da shi a Arewa a shekarun 1950. Yau, alhamdu lillahi, da yawa daga cikinmu sun iya karatu da rubutu. Wasu masu gadi ne, wasu masinjoji, wasu leburori. Wasu kuma sakatarorin ƙungiyar manoma ne ko ta mata. Dukansu aiki yakan sa su rubuta takarda.

To amma akwai kukan da muke yawan ji. Mutum zai ce, "Na rubuta, amma shiru." Wani lokaci laifin na ofis ne. Sau da yawa kuwa takardar ce ba ta faɗi abin da ake nema ba. A wannan wata za mu duba yadda ake gyara wannan.

INA TAKARDARKA TAKE ZUWA?

Kafin ka ɗauki biro, ka san hanyar da takarda take bi. In ka kai ta babban ofis, kamar sakatariyar ƙaramar hukuma, akawu ne yake karɓa. Zai shigar da ita a littafin rajista. Sannan ya sa ta cikin fayil. Kowace magana da fayil ɗinta: na albashi daban, na gyaran gini daban, na hutu daban. Daga nan a kai wa shugaba. Shi kuma ya karanta, ya rubuta ɗan umarni a jiki, ya tura wa wanda zai yi aikin.

Wannan ya koya mana abu biyu. Na farko, shugaba yana da takardu da yawa a gabansa. Ba zai tsaya neman maganarka ba in ka ɓoye ta a ƙarshe. Na biyu, takardar da ta ɗauko magana uku ba ta da fayil. Akawu bai san inda zai sa ta ba, shugaba bai san wanda zai tura wa ba. Sai a ajiye ta a gefe.

Saboda haka ga doka ta farko: takarda ɗaya, magana ɗaya.

GA MISALI

Mu ɗauka akwai wani mai gadin sito na ƙungiyar manoma. An tara takin zamani a siton, ana jiran rabo. Ruwan farko ya sauka, rufi ya yi yoyo. Kowane manomi ya san taki ba ya shiri da laima. Musamman Yuriya, da ta jiƙe sai ta narke ko ta dunƙule. In takin ya lalace, manoma sun yi asara. Kuma wanda za a fara tuhuma shi ne mai gadi.

Ga takardar da ya fara rubutawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da iyali, da haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara girma. Ka san na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa kawo ƙara ba. Abubuwa sun lalace a nan ƙwarai. Ruwa yana ta ɓarna. Tocilana ma ta mutu. Kuma ba a biya ni kuɗin wata ba. Mai kula da sito kuwa ba ya jin magana. A taimaka a duba."

Akwai ladabi a wannan takarda. Amma me shugaba zai yi da ita? Wane abu ne ruwa ya ɓata? Nawa ne? Yaushe? Me za a duba? Bai sani ba.

Yanzu ga wadda ya sake rubutawa:

Siton Taki,
Ƙungiyar Manoma,
Garin Kaza.
12 ga Mayu, 2025.

Shugaba,
Ƙungiyar Manoma,
Garin Kaza.

Ranka ya daɗe,

NEMAN GYARAN RUFIN SITON TAKI

Bayan gaisuwa, ina roƙon a turo kafinta ya gyara rufin siton taki cikin wannan mako.

A daren Asabar, 10 ga Mayu, an yi ruwa da iska. Fallen kwano 3 sun ɗage ta gefen gabas. Ruwa ya shiga ya jiƙa buhu 7 na Yuriya. Sauran buhu 113 suna nan lafiya.

Ni da mai kula da sito mun kwashe buhunan daga wurin yoyon. Mun ɗora su a kan katako, mun rufe da tamfol. Amma tamfol ɗin ba zai tare ruwa mai ƙarfi ba.

Abin da ake buƙata shi ne fallen kwano 3 da ƙusa da kafinta ɗaya. In an gyara yanzu, takin zai kai ranar rabo lafiya. In an jira ruwa na gaba, asarar za ta fi haka.

Na gode.

Ni ne naka mai biyayya,
(sa hannu)
Wane ɗan Wane,
Mai gadin sito.

ME YA SA TA BIYU TA FI?

1. Ta faɗi buƙata tun a layin farko. Ko shugaba bai karanta sauran ba, ya san abin da ake nema.

2. Tana da kai. Kan takarda shi ne layin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Da shi akawu yake gane fayil.

3. Ta kawo lamba da rana. "Ruwa yana ta ɓarna" ba ya nuna girman abu. "Buhu 7 sun jiƙe, buhu 113 suna lafiya" kuwa kowa ya gane. Lamba ce take sa a yarda da kai, domin ana iya zuwa a ƙirga. Don haka kada ka ƙara gishiri. In ka ce 20 aka tarar 7, gobe ba za a gaskata ka ba.

4. Ta nuna ƙoƙarin da ya yi. Shugaba ya fi saurin taimakon wanda ya fara taimakon kansa.

5. Ta nuna amfanin da kowa zai samu. Mai gadi bai tsaya kan wahalarsa ba. Ya nuna cewa kwano uku za su tsare buhu fiye da ɗari. Wannan shi ne sirrin shawo kan mutum a rubuce. Ka tambayi kanka: me ya dami wanda zai karanta? Shugaban ƙungiya ba ya son manoma su zo rabo su tarar da taki ya narke. To ta nan za ka shiga.

6. Ba ta zargi kowa ba. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi, domin tana zama a fayil shekara da shekaru. In ranka ya ɓaci, ajiye biro sai gobe.

Maganar tocila da ta albashi fa? Ba a yar da su ba. Kowace za ta samu takardarta.

GAISUWA DA TSARI

Gaisuwa al'adarmu ce, kuma ba a bari. Amma wasiƙar gida daban, takardar ofis daban. In za ka rubuta wa yayanka, gaishe shi har rabin shafi. A takardar ofis "Ranka ya daɗe" da "Bayan gaisuwa" sun isa. In mace ce shugabar, sai ka ce "Ranki ya daɗe".

Adireshinka da kwanan wata suna zama a sama, ta hannun dama. Muƙamin wanda ka rubuta wa yana zama ƙasa da su, ta hannun hagu. Ya fi kyau ka rubuta muƙami, kamar "Shugaba" ko "Hedimasta". Ana canza mutum, amma kujera tana nan.

In kai ma'aikacin gwamnati ne, kada ka tsallake na gaba da kai. Ka rubuta "Ta hannun" sannan muƙaminsa, ka ba shi ya sa hannu ya wuce da ita. Takardar da ta tsallake shi, sau da yawa dawo da ita ake yi.

Ka yi jimloli gajeru. Ka yi amfani da kalmomin da kake faɗa kullum. Lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Abin da ya sa jama'a suka so rubutunsa shi ne sauƙi. Yana rubutu kamar yana hira da kai. Babbar kalma ba ta ƙara wa takarda ƙarfi.

KULA DA ƘUGIYA DA KUƊI

Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne. Suna canza ma'ana. Dubi waɗannan:

kafa da ƙafa
baki da baƙi
kara da ƙara

Ka kula kuma da raba kalmomi. "Ba ta kuɗin" umarni ne a miƙa wa mace kuɗi. "Ɓata kuɗin" kuwa wani abu ne daban. In ka rubuta "bata kudin", wanne kake nufi? Irin wannan yana iya jawo rigima a ƙungiya.

In za ka rubuta kuɗi, rubuta da lamba, ka sake rubutawa da kalmomi. Misali: N15,000 (naira dubu goma sha biyar). Sifili ɗaya in ya ƙaru ko ya ɓace, lissafi ya rushe. Kalmomin kuma suna hana wani ya ƙara lamba bayan ka sa hannu.

KAFIN KA MIƘA

Ka fara rubutawa a wata takarda ta gwaji. Ka karanta da ƙarfi. Inda numfashinka ya ƙare, jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu. Sannan ka karanta wa wani wanda bai san maganar ba. Ka tambaye shi, "Me nake nema?" In ya faɗa daidai, takarda ta yi. In ya yi shiru, sake rubutawa.

Ka yi kwafi biyu. Ka ba da ɗaya, ka roƙi akawu ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a ɗayar. Wannan ita ce shaidarka. Mai gadin nan, ko da takin ya lalace daga baya, yana da abin nunawa cewa ya sanar a kan lokaci.

In ofishin Turanci yake so, ka fara rubuta taka da Hausa. Ka ba amintacce ya fassara. Sannan ka sa ya maido maka da ita cikin Hausa da baki, don ka tabbata bai canza maganarka ba.

In mako biyu suka wuce shiru, ka rubuta 'yar takardar tuni. Ka ambaci kan ta farko da kwanan watanta. Wanda yake tura saƙo ta wayar hannu shi ma dokar ɗaya ce: faɗi ko kai wane ne, faɗi buƙata, kawo lamba da rana.

AIKIN AJI

Malaman azuzuwa, ku sa ɗalibai su gwada. Kowa ya zama mai gadin nan, ya rubuta takardar neman sabuwar tocila. Kada ta wuce layi goma. A karanta a aji, a gyara tare. Mata kuma su rubuta a matsayin sakatariyar ƙungiya, suna neman a gyara injin niƙa.

Ku aiko mana da waɗanda suka fi kyau ta hannun mai kula da azuzuwan yankinku. Za mu zaɓi wasu mu buga, in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.