Taron Tsofaffin Ɗalibai: Zumunta a Ƙafa Take

Duk shekara idan hutun Salla ya zo, mukan ga waɗanda suka yi lakwal tare sun haɗu, a ci a sha, a tuna bulalar mushe, a watse. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce kawai. Mu dai muna ganin taron yana da amfani, muddin bai tsaya ga cin shinkafa ba.

Mu dubi maƙwabtanmu na Najeriya. Kwalejin Barewa ta fara ne a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Daga cikinta aka samu Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa Ƴar'aduwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, ba ta saki makarantar ba. A 2021 kwalejin ta cika shekara 100, yara na karatu a cikinta.

A ɓangarenmu na ƙasashen da Faransa ta mulka kuwa, makarantar William Ponty ta Senegal ce ta haɗa manyanmu. Can Jori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari suka yi karatu, haka ma Modibo Kaita na Mali. Da aka kafa ƙawancen Entente a Abijan a 1959, uku daga cikin shugabanni huɗun da suka kafa shi ɗaliban Ponty ne: Jori na Nijar, Hufuwe Buwanyi na Kodebuwa da Hubert Maga na Dahome. Sanayyar makaranta ta zama sanayyar ƙasashe. Sai dai kash, makarantar ta tashi daga garin Sebikotan a 1965, gine-ginenta na can kuma suka zama kango. Ashe ɗaukakar ɗalibai ba ta isa ta riƙe bangon aji ba, sai an waiwayo.

To, ina darasi gare mu? Lakwal ɗin unguwarmu ba ta fitar da shugaban ƙasa ba, amma ta fitar da malamin asibiti, da direba, da ungozoma, da ɗan kasuwa. Mu yi lissafi. Idan mutum 60 suka amince kowa ya zuba jika guda a wata, an tara jika 60. A shekara jika 720. Wannan ya isa a sayi tebura da benci, a gyara rufin da ke yoyo, a biya wa wata marainiya kayan karatu don kada a cire ta daga aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma akwai abin tsoro. Taron da ya koma wurin nuna mota da babbar riga, talaka ne zai fara gudunsa, alhali shi ya fi bukatar ƴan'uwansa. Saboda haka kuɗin wata ya zama ɗaya ga kowa, mai hali ya ƙara a ɓoye. A zaɓi ma'aji mai amana, a karanta lissafi gaban jama'a. A bar siyasa a bakin ƙofa, domin ita ce ta raba Jori da Jibo duk da makaranta ɗaya da suka fito. A kuma gayyato tsofaffin malamai tun suna raye, a girmama su.

Yau kowane aji na da zaurensa a WhatsApp, gaisuwa ba ta yankewa. Madalla. Amma wanda ke kwance asibiti, da iyalin abokin da ya rasu, ba saƙon waya suke jira ba, sallama suke jira a ƙofar gida. Idan kun shirya taron bana, ku yi shi cikin filin makarantarku, ku leƙa ajin da kuka zauna, ku ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa. Allah ya bar zumunci, amin.