Bindiga Ɗaya Don Daji Da Gida: Wacce Ta Dace Da Ɗan Zangon Kumasi?

A Amurka maharba sun daɗe suna musu kan bindigar da za ta wadatar da mutum ita kaɗai, ya yi farauta da ita, ya kuma kare kansa ranar tsautsayi. Wasu na tare da harsashin .30-06 na 1906, wasu na tare da .308 da kamfanin Winchester ya fitar a 1952. Musu ne mai daɗin saurare, sai dai an yi shi ne don fili fetal da manyan namun daji.

Dajin ƙasar Tonawa kuwa kurmi ne. Duk wanda ya taɓa leƙa Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, ya ga abin da ake kawowa: gyazbi, wanda Tonawa ke kira akrantie, da gada da mazo da gafiya. A cikin duhuwar ganye da wuya ka hango nama da nisa, in ka hango shi ma ƙiftawar ido ne. Shi ya sa maharbin nan ya riƙe bindiga mai baki ɗaya, mai lamba 12, wadda ke watsa ƙwayoyin darma. Lambar ma tana da tarihi: idan aka mulmula darma daidai faɗin bakin bindigar, guda 12 ne za su cika nauyin laba ɗaya. Ƙarfin bindigar ba ya wuce mita 40 ko kusa da haka, kuma a kurmi wannan ya isa.

Zaɓin gaskiya yana wajen harsashi. Bindigar ɗaya ce, ƙwayar cikin kwanso ce ke sauya mata aiki. Ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu ne, BB na gyazbi da gada, AA ya ɗan fi girma. Wanda ya harbi mazo da harsashin tsuntsu ya raunata dabbar Allah a banza, ta je ta mace inda ba mai yanka ta.

Kafin duk wannan akwai takarda. 'Yan sanda ne ke ba da lasisi, ana sabunta shi kowace shekara, kuma tun 2007 Gana ta kafa hukumar lura da ƙananan makamai. Ƙirar maƙera tana da araha, amma doka ba ta san da ita ba, ga shi ƙarfen da ba a gwada ba kan fashe a hannun mai shi. Farauta ma da lokacinta: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba a rufe take, ban da gyazbi, shi ma sai da izinin ma'aikatar namun daji.

Batun "ko ta kwana" shi ne inda nake ja da baya. Gidajenmu na Aboabo da Asawase ɗaki na jingine da ɗaki, tsakar gida cike da yara. Ko ɗan ƙaramin harsashin .22 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya, balle a lungun da kake jin tarin maƙwabcinka ta bango. Mai gona a bayan gari ya ajiye tasa a kulle, harsashi a wani wuri dabam, makulli a jikinsa. Mu 'yan cikin lungu, ƙofa mai ƙwari da lambar 191 a waya sun fi mana sauƙin sarrafawa da tsakar dare.