Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Sa A-kori-kura Shan Mai?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin mai, duk mai a-kori-kura ya koma lissafin lita. Ni ma tsohuwar Hilux ɗina da nake ɗauko hatsi da ita daga Dawanau ta taɓa tasa ni a gaba. Tankin da ke kai ni mako guda ya dawo yana ƙarewa a kwana biyar. Na sha shawarwari a gareji da tasha, wasu sun ci mini kuɗi a banza, shi ya sa nake so mu tace su.

Na fara da wadda ta fi yi mana ɓarna. Za ka ji an ce, "Alhaji, tamostat na ƙasashen sanyi ne, a nan zafi yake sa inji, a cire shi." Jita-jita ce. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90, tamostat kuwa shi ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya kai wannan zafin. Idan an cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da asuba ko lokacin hunturu. Kwamfutar motar tana ganin sanyi sai ta riƙa ƙara mai, kamar yadda direbobi ke jan cok a motar kabureta. Ciwon motata ke nan. Wani dattijon bakanike ya dubi allurar zafi tana kwance can ƙasa bayan mun yi tafiyar rabin awa, ya kwance bututun ruwa, ya nuna mini gurbin wayam. Ya ce, "Malam, wanda ya sayar maka da ita ne ya cire." Motar da ke zafi, a duba lagireto da fanka da famfon ruwa. Cire tamostat rufe ciwo ne kawai.

Sai batun sa mota a firi in an zo gangara, wai don a rage shan mai. A motar kabureta akwai ɗan ƙamshin gaskiya. Amma a mai injekta, idan kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta kan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. A firi kuwa dole a ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ga kuma haɗari: mota da buhu ashirin a baya, ba giya, duk nauyin ya koma kan birki. Wanda ya san gangaren Jos ya san ba abin wasa ba ne.

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shan mai? Gaskiya ne, ko da yake ba da yawa ba, 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. Bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka sa mai faci ya auna da safe kafin taya ta yi zafi. Birkin da ke kamawa ya fi wannan ci. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi shi ne ɓarawon.

Matatar iska fa? A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada, ta gano cewa a motocin injekta toshewarta ƙarfin mota take ragewa, ba ta cika taɓa shan mai ba, don kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta shigo. A motar kabureta ne take sa shan mai. Duk da haka, da ƙurarmu ta hunturu, kada ka bar ta ta toshe. Wadda ta fi cancanta a zarga ita ce na'urar da ke auna iskar hayaƙi a salansa. In ta mutu, mota kan sha mai sosai, kuma sau da yawa ita ce ke kunna fitilar injin nan da wasu ke liƙe wa baƙin salatif. A sa kwamfuta a karanta, ya fi sauya fulogi da injekta bisa zato.

Sauke murfin bodi don iska ta wuce bai rage komai, gwaje-gwaje ma sun nuna a rufe ya fi. Mayen ƙarfen da ake ɗaurawa a tiyon mai kuwa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai fiye da 100, ba ta sami wadda ta yi abin kirki ba.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka auna. Cika tanki har famfo ya katse, rubuta kilomita, yi tafiyarka, ka sake cikawa a famfo ɗaya, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Yi haka sau uku, da kaya irin wanda ka saba ɗauka. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, kuma in ka sa tayoyin da suka fi na asali girma, ka sani agogon kilomita zai riƙa ƙirga ƙasa da abin da ka tafi.