Yadda Na Koyi Ɗaukar Hoto Daga Dutsen Dala Zuwa Bakin Teku

Abin da nake so in bayyana muku shi ne yadda lokaci da yanayi suke mallakar hoto fiye da yadda mai kyamara yake mallakarsa. Ban koyi wannan a littafi ba. Na koye shi ne da wata 'yar ƙaramar kyamara da Kawuna na Agege ya ba ni aro, bisa sharaɗin in mayar masa da ita lafiya idan na je hutu Ikko.

Da farko dai ya kamata mu san cewa kyamara ba ta ganin mutum ko doki ko dutse, haske kaɗai take gani. A cikinta akwai wata 'yar ƙofa mai faɗaɗa da tsukewa, akwai kuma wani marfi mai buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido. Idan haske ya shiga da yawa sai hoto ya yi fari fat, idan ya yi kaɗan sai ya yi duhu. To, tun da hasken hunturu dabam yake da na damina, ashe ke nan hotunansu ma ba za su zama ɗaya ba.

Na fara gwaji ne a watan Janairu, na hau Dutsen Dala da nufin in ɗauko birnin Kano gaba ɗaya. Da na duba abin da na ɗauka, ko Gwauron Dutse da yake kusa bai fito sosai ba, sai wani fari-fari kamar an watsa gari. Malaminmu na labarin ƙasa ya gaya mini cewa yawancin wannan ƙura iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, kuma ita ce take warwatsa hasken rana. Saboda haka hazo maƙiyin hoton nesa ne. Amma abin mamaki, da na sauko na nufi marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, hotunan da na ɗauka na masu rini sun fi kowanne kyau. Hazon nan ya tausasa rana, babu inuwa mai kaifi a fuskokinsu, shuɗin baba kuwa ya fito sosai. Sai da na gaishe su na nemi izini tukuna, domin ba kowa yake son a ɗauke shi ba, kuma ba ladabi ba ne yaro ya saita wa dattijo kyamara haka kawai.

Da damina ta sauka na koma Dala a watan Agusta, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Ruwa ya wanke sararin sama, har hasumiyoyin Masallacin Juma'a na cikin gari ana ganinsu tar. Wuri ɗaya ne, kyamara ɗaya, mutum ɗaya, watanni bakwai kawai suka raba.

Hawan Sallah kuwa ba shi da yanayi tsayayye, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kamar kwana 11, sai Sallah ta riƙa zagayawa daga damina zuwa bazara zuwa hunturu. Wanda zai ɗauki Hawan Daushe, da akan yi da yamma washegarin Sallah, sai ya sa marfin kyamara ya rufe da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, in ba haka ba dokin da ya taho jafi zai fito kamar hayaƙi. A shekarar 2024 ne hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Yanzu sai maganar teku, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Da hutun watan Disamba ya zo, ina shirin tafiya sai kakata ta kira ni ta ce, "Maigida, na ji za ka Ikko. Ni dai na tsufa ban ga teku ba, idona kuma yana raguwa. Ka ɗauko mini shi in gani." Na ce, "An gama, amarya." Ni kaina babban ruwan da na taɓa gani shi ne madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, na ɗauka teku ma haka yake, sai dai ya ɗan fi girma.

Kawu ya kai ni Badagiri, wani tsohon gari yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Muka ga benen nan na 1845 da ake cewa shi ne bene na farko irin na Turawa a Nijeriya, ko da yake mu mutanen Arewa mun daɗe da sorayenmu na ƙasa. Daga nan muka shiga kwale-kwale muka haye zuwa tsibirin Gberefu, muka bi wata hanya mai rairayi, wadda ta nan ne ake kora bayi zuwa jiragen ruwa a zamanin cinikin bayi. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar tekun wannan yanki har da Hausawa, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807. A kan hanyar nan ban iya ɗaga kyamara ba, jikina ya yi sanyi.

Tun kafin mu ga ruwan muka ji rugugi. Da muka ɓulla ta cikin itatuwan kwakwa, sai na tsaya baki buɗe. Tiga kam ashe kududdufi ne.

Nan na yi kuskure biyu. Na farko, na tsai da Kawu ya juya wa teku baya, rana tsaka, na yi ta ɗauka. Duk hotunan fuskarsa ta fito baƙi ƙirin. Ga dalili. Gaɓar Badagiri kudu take kallo, a watan Disamba kuma rana ta kudu take karkata, watau tana bayan Kawu ke nan. Ga kuma farin rairayi da ƙyallin ruwa. Kyamara tana auna hasken da yake gabanta duka, da ta ga ya yi yawa sai ta tsuke ƙofarta, fuskar da take cikin inuwa ta ƙara duhu. Maganin abin shi ne a ƙara haske da mataki ɗaya, ko a kunna fitilar kyamara ko da rana ce, ko kuma, wanda ya fi, a jira la'asar sakaliya lokacin da rana ta koma yamma tana haska gefen fuska.

Kuskure na biyu ya fi muni. Na matsa kusa don in ɗauki raƙumin ruwa yana faɗuwa, ban san cewa ba duka suke da girma ɗaya ba. Wani babba ya taho ya doke ni har gwiwa, na faɗi da hannu ɗaya a ƙasa. Wani masunci ya daka mini tsawa ya ce in ja da baya, domin ruwan wurin yana da ja, ko gwanin iyo yana tsoronsa. Kyamara ba ta nutse ba, amma rairayi ya shiga wuyan gilashinta, ya ƙi komawa ciki. Ga kuma feshin gishiri ya lulluɓe ta, shi kuwa gishiri cin ƙarfe yake yi. Kawu bai yi mini faɗa ba, shirun da ya yi ne ya fi damuna. Washegari muka kai ta wurin mai gyara, kuɗin guzurina duk suka tafi a can. Mai gyaran ya ce duk wanda zai je bakin teku ya sa kyamara cikin leda, ya rataya igiyarta a wuya, kada ya goge gilashi da gefen riga sai ya hure rairayin tukuna.

Allah ya taimake ni katin da hotuna suke ciki bai lalace ba. Cikin hotuna fiye da 60 guda uku kawai suka yi kyau, kuma duk ukun na ɗauke su ne da yamma da wayar Kawu, bayan kyamara ta tsaya: masunta sun yi layi suna jan taru, rana ta yi ja a gefensu.

Na wanke ɗaya babba na kawo wa kakata. Ta fito tsakar gida inda haske yake, ta kusantar da shi ga idonta, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce, "Maigida, ai ka yanke hoton. Ina ɗaya gaɓar?" Na ce mata babu wata gaɓa da ido zai gani, wanda ya miƙe kudu daga nan zai yi dubban kilomita bai taka ƙasa ba. Ta ce in daina yi mata zolaya, ta sa hoton a ƙarƙashin matashinta.