Tsamin nono da ƙwayoyin cuta: wace ke mutuwa, wace ke tsira

Ƴan uwa masu karatu na Cirozerin, da Arlit, da Akokan, sau da yawa muna jin ana cewa nono in ya yi tsami ba ya ba da cuta. Maganar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba.

Ƙwayar cutar da ake kira bakteriya ba ta ganuwa sai da madubin likita. Kowace ɗaya tana cikin fata, kamar salka cike da ruwa. Fatar nan ita ke riƙe da ita kada ta fashe, ta nan take shan abinci, da ita kuma take manne wa hanjin mutum. In tsami ya yi yawa, sai fatar ta sake hali. Ƙofofin da ke jikinta su lalace, tsami ya kutsa ciki, ƙwayar ta ƙarar da ƙarfinta wajen fitar da shi, ta kasa hayayyafa. Ma'aikatan Arlit sun san ƙarfin asid, tun da shi ake narkar da uraniyom daga dutse. Na nono bai kai wannan ba ko kusa, amma ya isa ya karya wasu ƙwayoyi.

Masana suna da ma'aunin tsami daga 0 zuwa 14, kuma ƙanƙantar lamba ita ce yawan tsami. Ruwa mai tsabta yana kan 7, sabuwar madara wajen 6,6, nono mai tsami wajen 4,5, ruwan lemun tsami kusa da 2. Ƙwayar kwalara, wato amai da gudawa, ba ta jimre tsami. A annobar Gine Bisawu ta 1994 an lura cewa masu matsa lemun tsami a miya sun fi tsira.

To, amma akwai masu taurin fata. Ƙwayar tarin fuka ta shanu tana da rufi mai kama da kakin zuma, tsamin nono ba ya saurin ratsa shi. Ƙwayar burusela, mai sa akuya ɓari, tana yin makonni da rai cikin ɗanyen cuku. In ta kama mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare, da ciwon gaɓɓai, har a zaci zazzaɓin sauro ne. Madarar raƙumi kuwa, da ake sha da ɗuminta a Azbin, ba ta ma yi tsamin ba.

Shawararmu ita ce a tafasa madara tukuna, a bar ta ta huce, sannan a zuba ɗan tsohon nono don ta kama. Cuku ne ke da wuya, domin madarar da ta tafasa ba ta daskarewa da kyau. Don haka kada a yi shi da madarar dabbar da ta yi ɓari, a kai labarinta ga ma'aikatan kiwon dabbobi na Cirozerin.