Kalmomin Kasuwa da Koyar da Sana'a a Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a wajabta wa ɗaliban jami'a darasin kafa sana'a da dogaro da kai, domin rage yawan masu digiri da ke zaman jiran aikin gwamnati. Sai dai darasin ya zo cikin Ingilishi, galibin misalansa kuma na kamfanonin ƙetare ne, alhali kuwa Kantin Kwari ko kasuwar Onitsha ɗalibin zai nufa in ya gama. Wannan maƙala tana nuni ne da cewa kalmomin da kasuwa ta riga ta mallaka su ya kamata su zama tubalin darasin.

2.0 Ilmin da ke Cikin Kalmomi

Kowace kalmar kasuwa tana ɗauke da tsari. Alal misali, "uwar kuɗi" ta bambanta jari da riba, "sari" da "kiri" sun raba mai saye da yawa da mai sayarwa kaɗan-kaɗan, "la'ada" kuwa ita ce hakkin dillali. Haka nan "adashi", wanda Yarabawa ke kira "esusu", hanya ce ta tara jari ba tare da banki ba.

Kalmar "maigida" ta fi waɗannan zurfi. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan ya nuna yadda maigida ke saukar da fataken shanu, ya adana kuɗinsu, ya kuma tsaya musu idan mahauta suka ɗauki shanu bashi. Wato amana ce ke yin aikin da takardar yarjejeniya ke yi a wasu wurare. A ƙasar Ibo ma, yaro yakan yi wa ubangidansa hidima shekaru, sannan a sallame shi da jari.

3.0 Gudummawar Jami'a

Wannan tsari yana da rauninsa. Rashin rubuta ciniki kan haddasa saɓani ranar sallama, dukiyar attajiri kuma takan watse wajen rabon gado. A nan ne jami'a za ta shigo da lissafin shiga da fita, da rubutacciyar yarjejeniya, da rajistar kamfani, ta ɗora su bisa abin da ɗalibi ya tashi ya tarar.

Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Sassan harsunan Nijeriya na iya amfani da wannan dama, su tura ɗalibai kasuwa su tattaro kalmomin kowace sana'a daga bakin masu ita.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin da ya haddace ma'anoni da Ingilishi zai ci jarrabawa, amma dillali ba zai tambaye shi ma'ana ba ranar da ya shiga kasuwa. Saboda haka ya wajaba masana harshe su haɗa kai da malaman kasuwanci wajen tsara wannan darasi.