Tsohon Murhun Ƙarfe A Ɗaki: Uwargida, A Yi Hattara

Hunturu ya kankama. Duk wadda ta taɓa kwana a Amarawa, can ƙasar Illela kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, a watan Disamba ko Janairu, ta san irin ɗarin da ke sauka da asuba. Shi ya sa ake shigar da wuta ɗaki saboda yara da tsofaffi da masu jego. Wani maigidan kuma yakan je kasuwar Illela ko ta Birnin Ƙonni ya sayo tsohon murhun ƙarfe don ya fi araha. Ba laifi ba ne, amma akwai abubuwan da ya wajaba uwargida ta sani tun kafin a hura shi, domin rigakafi ya fi magani.

Da farko dai, a dubi murhun da rana tsaka a tsakar gida. In tsatsa ta ci gindinsa, ko akwai tsaga a jikinsa, ko ƙafarsa tana rawa, to a kai wa maƙeri ko mai walda ya gyara. In da tsohon duro aka ƙera shi, a tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki fetur ko maganin ƙwari ba na shiga ɗaki ba ne. Bayan haka a hura masa wuta mai ƙarfi a waje, har fenti da maiƙon jikinsa su ƙone ƙurmus.

Sai wurin ajiyewa. Kada a ɗora shi a kan tabarma ko ledar ɗaki. A shimfiɗa yashi ko a jera bulo, ya zarce bakin murhun, yadda in garwashi ya faɗo ba zai sami abin kamawa ba. A bar tazarar aƙalla ƙafa 3 tsakaninsa da katifa, da gidan sauro, da labule, da zana. Kada a ajiye shi a bakin ƙofa, don in abu ya faru ta nan za a fita. Galan ɗin fetur ko na kananzir kuwa, kada ya kwana ɗaki ɗaya da wuta ko da na dare ɗaya ne.

Murhun da ke cin itace dole ne a yi masa bututun ƙarfe da zai fitar da hayaƙi waje. A ratsa shi ta bangon ƙasa, a liƙe gefensa da laka, kansa kuma ya ɗara rufin ɗaki tsawo. Kada ya taɓa azara ko silin. Ɗakin jinka ko na kara bai dace da wannan murhu ba sam. A riƙa kakkaɓe baƙin da ke taruwa cikin bututun, domin in ya yi kauri yakan toshe hanya, yakan kuma kama da wuta. Busasshen itace kawai za a sa; ban da ɗanye, ban da leda da roba.

To, ga babbar maganar. Yawancinmu hayaƙin da muke gani muke tsoro, alhali mai kisan ba a ganinsa. Duk lokacin da itace ko gawayi ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga sosai, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita har ninki 200 da wani abu. Saboda haka kaskon garwashi da ya yi jawur, ba ya hayaƙi ko kaɗan, yana iya hallaka mutanen ɗaki suna barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Jarirai da masu ciki da tsofaffi su suka fi saurin galabaita.

Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In kin ga mutanen ɗaki biyu ko uku sun tashi da ciwo iri ɗaya, kada ki ce zazzaɓi ne ko iskokai. Ki buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita cewa da wuta aka kwana. In kuwa yaro ne ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, kana a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da shafa gishiri ko ɗanyen ƙwai ko man goge haƙori.

Dabarar ita ce a ɗumama ɗaki tun da magariba, taga a ɗan buɗe. In za a kwanta, a kwashe garwashin a fitar, a yayyafa masa ruwa nesa da danga da rumbu, sa'an nan a ƙara wa yara bargo. Bokitin yashi ya zauna kusa kullum.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne ake aika ku ɗebo wuta. Ku ɗaure zane tamau, ku kula da bakin hijabi da mayafin leda-leda, ku hana ƙannenku masu rarrafe matsowa. Ku karanta wa iyayenku da maƙwabta wannan shafi, tun da an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya fisshe mu wannan hunturu lafiya, amin.